Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Ci Mai Kyau, Ya Rage Ɓarna, Aljihu Kuma Ya Huta

Ɗaliban jami'a a Najeriya suna da wani lissafi da ba a koyar da shi a aji: 1-0-1, 0-1-0, 0-0-1. Ɗaya na nufin an ci, sifili na nufin an ɗaure ciki an wuce lakca. Wanda ya ce maka yau yana kan 0-0-1, to sai dare zai ɗora tukunya.

Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 ba su san wannan lissafi ba. Tikiti ake ba su, su shiga kafteriya su ci sau uku. Ƙarin kwabo hamsin da aka yi a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, yana cikin abin da ya tayar da boren ɗalibai na watan Afrilun 1978, wanda aka laƙaba wa sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyar da ɗalibai, kafteriya ta koma hannun 'yan kasuwa, risho ya shigo hostel. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya san inda farashin kwanon shinkafa ya nufa.

Abin da na gano a shekarun da na yi ina girki a lungun baranda shi ne, hanyar da ke gyara jiki ita ce dai ke rage kashe kuɗi, ita ce kuma ke rage tulin leda a bayan hostel. Ba aiki uku ba ne, aiki ɗaya ne. Ga yadda ake bin sa.

Mataki na farko: ka kama ɓarawon da ke aljihunka

Kafin ka sauya komai, ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka da kuɗinsa, har ledar fiya wata. Kada ka gyara hali a wannan makon, ka rubuta gaskiya kawai. Lokacin da na yi nawa, na zaci abincin rana ne ke cinye ni. Ashe lemon kwalba ne, da biskit tsakanin lakca da lakca, da Indomie da ƙwai wurin mai shayi ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ƙananan abubuwan da ba na ƙirgawa a matsayin abinci sun kusa kamo kuɗin abincin kansa.

Daga nan ka raba kuɗin wata, ko daga gida yake zuwa ko alawus ɗin naira 20,000 da NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, ke ba wanda ya ci bashin karatu. Ka fara cire na busasshen kaya da gas ranar da kuɗin ya shigo. Sauran ka kasa shi huɗu, kowane mako da nasa, na kayan miya da 'ya'yan itace. Kuɗin da ya kwana uku a waya bai zama wake ba, data zai zama.

Mataki na biyu: ku haɗa tukunya

Wannan shi ne ginshiƙin komai. Mai girki shi kaɗai yana ƙona gas kusan daidai da na mutum uku, yana sayen kaya a ƙulle-ƙulle da tsada, kuma ranar da lakca ta yi masa yawa sai ya koma sifili. Mutum uku ko huɗu ya isa. In kun kai shida, rigima ta fi abinci yawa.

Ku zauna tun makon farko ku yanke abubuwa huɗu, ku rubuta su a bayan littafi. Nawa kowa zai zuba, kuma wace rana. Wa zai riƙe kuɗin, ya kuma riƙa rubuta abin da ya fita. Wa zai yi girki wace rana, bisa jadawalin lakcar kowa, wanda ya dafa kuma ba shi zai wanke ba. Na huɗu, wanda aka fi jin nauyin faɗa, shi ne maganar baƙo. Tukunyarmu ta farko baƙo ne ya fasa ta. Ɗayanmu mutumin kirki ne, ba ya iya ganin ɗan ajinsu ya wuce bai ce masa bismillah ba, sai aka wayi gari abincin mutum huɗu mutum bakwai ke zagaye shi, wake ya ƙare ranar sha takwas ga wata. Ba wanda ya iya magana, sai kowa ya fara ɓoye garin kwaki a akwati. A zango na gaba muka ce wanda ya gayyato baƙo daga rabonsa zai ɗiba masa, in kuma wani ne da gaske ba shi da shi, sai mu yanke tare mu ɗauke shi. Zumunci bai ragu ba, wake kuma ya kai ƙarshen wata.

Mataki na uku: sayayya da ajiya

Busasshen kaya a saye shi da yawa sau ɗaya: wake, shinkafa, gero ko masara, gari, gyaɗa, waken suya, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono. Mai karatu a Kano, in kun haɗa kuɗin mota, Dawanau ce gidan hatsi, Yankaba ta kayan miya, 'Yan Lemo ta Na'ibawa kuma ta 'ya'yan itace. Kowane gari mai jami'a yana da irin nasa, kuma kusan kullum shagon cikin makaranta ya fi su tsada. Wanda gidansu ake noma, kwano biyar na wake daga rumbu ya fi masa a ba shi kuɗinsa.

Ka bi lokaci. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi da wake ke sauka. Tumatir da albasa da karas da kabeji suna araha da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da kayan lambu ke fitowa, da damina kuma tumatir ya zama gwal. A lokacin ba sai ka dage ba: ga kauɗa, ga miyar kuka, ga ganye ya cika kasuwa, rama da yakuwa da alayyafo da zogale. Mangwaro na bazara ne, gwaiba ta ƙarshen damina, lemo na sanyi. Abin da ke kan ganiyarsa shi ya fi araha, shi ya fi daɗi, kuma ba a ɗauko shi daga nesa ba. Tuffa mai sheƙi da ta ƙetaro teku ba ta fi gwanda ko goruba amfani a jikinka ba.

Ka kula da ayaba ko mangwaron da fatarsa ta yi rawaya fes amma cikinsa da tauri babu zaƙi. Sau da yawa an nuna shi ne da sinadarin kabayid, irin na masu walda, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Wake kuma ka shinshina shi kafin a auna. In yana warin magani, ka wuce. Wasu na zuba masa maganin ƙwari irin Sniper don kada ya huje, kuma ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Naka waken ba ya bukatar magani: ka shanya shi ya bushe ƙayau, ka cika jarka mai tsabta har baki, ka ɗaure murfi tam. Ƙwaron wake ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Gyaɗa da masara kuwa, duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ka zubar, domin gubar da fumfunar ke bari tana lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Komai ya shiga bokiti ko roba mai murfi. Ɓera ba asarar gari kawai yake jawowa ba, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci zazzaɓin Lassa ke kama mutane, kuma da rani ya fi yaɗuwa.

Mataki na huɗu: abin da ke cikin faranti

A nan ɗalibi ya fi cutar kansa bai sani ba. Safe burodi, rana taliya, dare gari. Ciki ya cika, amma duk abu ɗaya aka ci cikin kaya uku. Ka riƙa duba farantinka da tambaya uku: ina mai ba da ƙarfi, ina mai gina jiki, ina ganye ko ɗan itace?

Mai gina jiki ba sai nama ba. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da wake ke da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi, shi ya sa haɗuwarsu ke cike giɓin juna. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma dubi abin da suka bar mana: shinkafa da wake, ƙosai da koko, ɗanwake, fura da nono, kunun gyaɗa, tuwo da miyar da aka kaɗa da daddawa. Garau-garau da ake yi wa kallon abincin talaka, in ka yawaita wakensa, ka rage man, ka yanka masa kabeji da tumatir da albasa, ya fi soyayyar shinkafar kafteriya nesa ba kusa ba. Awara ma haka, waken suya ne zalla. In ka gaji da soyayyiya, ka yanka ta cikin miya ta maye gurbin nama. Ƙwai biyu ko uku a mako, ɗan busasshen kifi a miya, ƙuli-ƙuli a cikin gari: jikin saurayi ko budurwa ba ya neman fiye da haka don ya tsaya da ƙafarsa. Ga gas da ruwa da ƙasar noman da ake ci kafin a samar da kwanon wake ba su kama ƙafar na naman da zai yi daidai da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. In ka ji adadin sai ka ga kamar na masu kuɗi ne, amma ka ƙirga: lemo ɗaya da safe, kwaɗon zogale ko na rama da rana, yankan kankana da la'asar, miyar alayyafo da dare, ka kai ko ka kusa. Zogale ka saye shi ɗanye, ka tafasa shi sama-sama, ka kwaɗa da ƙuli da albasa da ɗan tumatir. Ganyen da aka dafa har ya koma baƙi an riga an zubar da rabin amfaninsa a ruwa.

Indomie ba zan ce ka daina ba, don na san ba za ka daina ba. Ka zuba rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, ka yanka kabeji da karas da albasa su kai yawan taliyar, ka fasa ƙwai. Sai ta tashi daga abin toshe yunwa ta zama abinci. Dalilin rage garin shi ne gishiri. Ƙa'idar hukumar nan ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙulen magi, wanda shi kansa mafi yawansa gishiri ne. Mai jefa dunƙule huɗu a tukunya sannan ya bi da gishiri yana tara wa kansa hawan jini tun bai karɓi shaidar digiri ba. Ka rage dunƙule ɗaya duk mako biyu, ka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Harshe yana sabawa, ba wanda zai lura a cikin 'yan tukunyar.

Sukari kuwa, iyakar da aka shata wa babba kusan giram 50 ne a yini, kimanin ƙananan cokula goma sha biyu. Robar lemon kwalba ta rabin lita ita kaɗai takan cinye wannan kason. Zoɓo da kunun aya na saidawa ma wani lokaci ba su fi ta ba, don masu yi ba sa jin tausayin sukari. Ku dafa naku zoɓon da citta da kanumfari, ku sa sukari kaɗan.

Ga wata magana musamman ga ɗalibai mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa saboda al'ada. Baƙin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, lemo da tumatir da gwaiba kuma suna taimaka masa. Don haka ki sa tazarar kamar awa guda tsakanin shayi da abinci, ki matsa lemon tsami a kan wake ko kwaɗo. Jirin da ake ɗora wa wahalar karatu, wani lokaci daga nan yake.

Mataki na biyar: gas

Ka jiƙa wake tun dare, ka zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, kumburin ciki ma ya ragu. Wannan ya fi jibga kanwa, wadda ke saurin nunar da shi amma tana kashe wasu sinadaran bitamin. Ka rufe tukunya, kuma da ta tafasa ka rage wuta, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi don ka ƙara masa wuta.

Akwai dabarar da na koya wurin wata ɗaliba 'yar sashen aikin gona. Shinkafa da wake su tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, ta sauke tukunyar a rufe, ta naɗe ta da tawul, ta ƙara da bargo, ta cusa cikin kwali, ta tafi lakca. Bayan awa biyu ta dawo ta tarar da abinci ya nuna, yana turiri, bai kama ba. Na gwada na gani. Sharaɗin shi ne kada ka buɗe a tsakani, kuma in ka dawo ka tarar ya huce, ka mayar wuta ya tafasa kafin a ci.

Kada ka kunna gas ko risho a ɗaki rufe, kada kuma tukunyar gas ta kwana kusa da katifa. Inda makaranta ta hana murhun lantarki a ɗaki, wayoyin ginin ne ba za su ɗauka ba.

Mataki na shida: ragowa

Ka auna kafin ka dafa. Ku sami gwangwani ɗaya ku san nawa ke ƙosar da ku, ku tsaya a kansa. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asara yake bi, kuma kwandon sharar hostel da safe yana ba da tasa shaidar.

Ba firji, wuta kuma sai ta ga dama. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ya huce, balle a zafin Afrilu. Shinkafa ta fi kowa ha'inci: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, ta hayayyafa in shinkafar ta kwana, ta bar gubar da ɗumame ba ya kashewa. Na taɓa rasa gwajin aji saboda shinkafar jiya da ba ta ko canza wari ba. Miya kuwa, in dole sai ta kwana, a tafasa ta sosai da dare, a bar ta a rufe ba a sa cokali ba, a sake tafasawa da safe. In ka ga abinci zai ragu, ka ba almajiri ko maƙwabci tun yana da zafi, ba sai ya fara yami ba. Abin da ba za ka iya ci ba, ba sadaka ba ne.

Mataki na bakwai: ranar da za ka ci a waje

Ka sa abu biyu a jakarka su zauna: ƙaramar kula da gorar ruwa. Ka miƙa wa mai abinci kularka ta zuba maka, maimakon farar robar nan mai kama da soso da ke toshe kwalbatoci, wadda jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Ranar farko za a dube ka, rana ta uku mai abincin da kanta za ta ce, "Ɗana, ina kular taka?" Robar ai da kuɗi take sayenta. Abinci mai zafi da mai a cikin leda, ko kunu mai tururi, ka guje shi. Alala ma ta gwangwani ko ta ganye ta fi ta leda.

Ruwa kuwa, mai shan fiya wata biyar a yini yana zubar da leda 150 a wata, shi kaɗai. Ku tafasa ruwa a ɗaki, ya huce a bokiti mai murfi, kowa ya cika gorarsa. In dole sai ka saya, ka duba lambar NAFDAC, ka kuma guji wanda aka jibge a rana.

Wajen zaɓen mai abinci, ka dubi ruwan wanke kwanukanta kafin ka dubi miyarta. Ka je lokacin da aka sauke, ka fi son inda layi yake don abincin ba ya daɗewa. Man suyan da ya koma baƙi kamar na inji, ka bar musu ƙosansu.

Mataki na takwas: abin da ya fi ƙarfin ɗaki ɗaya

Shara ku raba ta biyu a ƙofar ɗaki. Robobi da gwangwani a buhu ɗaya, 'yan gwangwan za su saya, kuɗin ya sayi ashana da sabulu. Ɓawon kayan miya da ƙanzo da dusa a bokiti, akwai ma'aikata masu kiwo a kusan kowace makaranta da za su karɓa da godiya. Kada ku ƙona leda, hayaƙin ɗakinku zai dawo.

Sauran aikin na ƙungiyar ɗalibai ne da ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Maimakon dogon ƙorafi, ku kai buƙatu ƙanana da za a iya aunawa: famfon ruwan sha mai tacewa a kowane hostel, ɗakin girki mai iska da wurin wanke-wanke, gwajin lafiyar masu sayar da abinci duk zango, rangwame ga wanda ya zo da kularsa, da damar sayen rabin faranti a rabin kuɗi. Jami'o'i da yawa suna da gona da tsangayar aikin gona. Ba abin da zai hana a haɗa ɓawon kafteriya ya zama taki a can, a kuma kafa teburin sayar da ganye da ƙwan gonar a bakin hostel sau biyu a mako.

Lokacin jarrabawa da ranar tafiya hutu

Da jarrabawa ta matso tsari ke rushewa, a koma goro da kofi da lemon ƙara kuzari. Ku shirya mata tun da saura mako: ku soya gyaɗa ku cika kwalba, ku tanadi dabino da ƙuli, ku sauƙaƙa girki zuwa tukunya ɗaya a yini, faten wake da dankali ko dafa-duka mai ganye. Masu cewa yunwa ta ba su olsa su sani, manyan masu haddasa gyambon ciki su ne wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, musamman ba a ci komai ba. In ciwon ya ƙi tafiya, asibitin makaranta za ka a gwada ka, ba madara za ka yi ta sha ba.

Saura kwana goma a rufe makaranta, ku daina sayen busasshen kaya, ku cinye na ƙasa. Manja da garin da aka buɗe ba sa jiran wata biyu, ku raba ko ku bar wa masu zama a makaranta lokacin hutu. Wake da shinkafar da suka rage su shiga jarka a ɗaure. Ku wanke tukunya ta bushe, ku cire kan gas daga jikin tukunyarsa, mai riƙe da littafi ya karanta lissafi a gaban kowa, in akwai canji a raba ko a ajiye shi na gas ɗin makon farko.